Labarin Hawan Tudun Jos da Waɗanda Suka Hau Shi

Ƙasar da Turawa suka sa wa suna Filato, wadda mutanen dā su ke kira duwatsun Bauci, wani babban tudu ne a tsakiyar Nijeriya, ya tashi bisa ƙasashen da ke kewaye da shi kamar yadda dakali ya ke tashi a ƙofar gida. Garin Jos kansa yana wajen ƙafa 4,000 bisa teku, ƙwanƙolin duwatsun Shere kuwa, waɗanda ke gabas da garin, ya kai wajen ƙafa 6,000. Ruwan da ya sauka a kan tudun nan rabuwa uku ya ke yi. Wani ya bi Kogin Kaduna ya faɗa Kwara, wani ya bi Gongola da Mada ya faɗa Binuwai, wani kuma ya bi Dilimi, ya ratsa ƙasar Bauci da Jama'are, ya nufi Tafkin Cadi. Watau masuncin Nufe da manomin fadamar Katagum duk suna cin albarkacin ruwa guda, ko da ya ke yawancinsu ba su taɓa ganin mafarinsa ba.

Abin da baƙo ya ke fara ji in ya hau shi ne sanyi. Da hunturu mutum ya kan kwana da bargo biyu ya tashi yana rawar ɗari, da damina kuwa a kan yi ƙanƙara har ta kwantar da shuka. A dā ƙudan tsando ba ya zama a can, sauro ma bai kai na ƙasa yawa ba. Sanyin nan shi ne rabin labarin tudun, gama shi ya jawo waɗansu suka zo hutu, shi kuma ya kashe waɗansu da aka kawo tilas.

Ɗaya rabin labarin kuwa hawa ne. Ta kudu da yamma tudun a tsaye ya ke kamar garu, ba a hawansa sai ta waɗansu 'yan mashigai tsakanin duwatsu. Akwai hawan da ke wajen Assob, wanda matafiya su ke kira Hawan Kibo, shi ne ƙofar mai zuwa daga Keffi da Akwanga. Akwai na wajen Kagoro da Manchok ga mai zuwa daga ƙasar Jama'a, da na Jengre ga mai zuwa daga Zazzau, da mashigin Panshanu a hanyar Bauci, sa'an nan da gangaren da ke sauka daga Panyam zuwa Shendam. Ta arewa da gabas hawan ya fi sauƙi, don haka ta can baƙi suka fara shiga.

Kafin zuwan Turawa mashigan nan a hannun mutanen dutse su ke: Birom, da Anaguta, da Afizere waɗanda Hausawa ke ce wa Jarawa, da Irigwe, da Rukuba, da Ganawuri, da Angas, da Sura waɗanda ke kiran kansu Mwaghavul, da Ron, da waɗansu da dama, kowace kabila da harshenta. Abincinsu acca da tamba da rizga. Su kan kewaye gidaje da gonaki da shingen ƙyarana mai kauri, su bar 'yar siririyar hanya mai karkace-karkace, yadda mahayi ba shi da ikon sukuwa a ciki, in kuwa ya sari shingen ruwan ƙyarana ya shiga masa ido. Angas sun jera duwatsu a jikin tsaunuka hawa-hawa domin kada ruwa ya kwashe musu ƙasar noma. A wajen Bokkos da Butura har yau akwai gadojin dutse na mutanen dā, an shirya su ba siminti ba ƙarfe, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashi. Dawakinsu ƙanana ne, kuru, suna hawansu ba sirdi ba likkafa, amma a kan duwatsu babu ingarman da ke cim musu.

Sa'ad da Yakubu ya kafa Bauci bayan jihadi, mulkinsa ya kai gindin tudun ta gabas da arewa. Wani bafadensa, Hasan, ya kafa Wase wajen 1820 a gindin dogon dutsen nan da a ke hange tun daga nesa. Zazzau kuma tana matsawa ta wajen Lere da Jama'a. Waɗansu garuruwan gefe suka ɗauki amana, suna ba da gaisuwa a bar su lafiya. Waɗansu aka yi ta kai musu hari ana kwasar bayi. Amma saman tudun bai ciwu ba. Rundunar da ta saba da fili, in ta shiga mashigi sai ta zama layi guda, mutum bayan mutum, masu kibiya da māshi kuwa suna sama. Ba gaba ce kaɗai ke tsakani ba, gama fatake suna zuwa kasuwannin gindin dutse da gishiri da tufafi, su sayi ƙarfe da abinci, sai dai iyakarsu inda masu dutsen suka yarda.

Abin da doki ya kasa, kuza ta yi shi. Tun dā maƙeran Liruwen Kano da Liruwen Dalma suna wanke baƙin yashin nan a rafuka, su narke shi, su zuba dalma siri-siri kamar tsinke, fatake su kai ta kasuwanni. Turawan Kamfanin Neja suka ga irin tsinkayen nan a bakin Binuwai, suka yi ta tambayar inda su ke fitowa. A 1902 kamfanin ya aiko wani mai suna Nicolaus, ya sami kuza a Kogin Dilimi. A 1903 Kanar Laws ya biyo baya, ya sauka Tilden Fulani, a 1904 ya kafa sansani a Naraguta. Ya tarar hanya mafi kusa zuwa jirgin ruwa ita ce a ƙetare tudun, a gangara ta kudu maso yamma, a bi ta Keffi zuwa Loko, tafiyar wajen mil 200. Masu dutse ba su yarda ba, sai aka buɗe hanyar da bindiga mai ruwa. Shekaru da dama soja suna yawo a kan tudun, suna ƙone garuruwan da suka ƙi, suna kwashe hatsi da dabbobi. Ko bayan an ce ƙasa ta kwanta, a 1916 mutanen Montol, can gindin tudun ta kudu, suka kashe wani Di'o mai suna Maltby tare da Sarkin Ankwe a wajen karɓar haraji.

Mutanen farko da suka san hawan nan da tafin ƙafarsu 'yan alaro ne. Kowa da buhun kuza wajen laba 60 a ka, su gangara zuwa Loko, su komo da injuna guntu-guntu da kayan Turawa. Daga wajen 1910 labarin kuza ya gama London, kamfanoni suka yi ta tururuwa, 'yan alaro suka kasa. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya sai aka ja wani ɗan ƙaramin reluwe daga can, faɗinsa ƙafa 2 da inci 6, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama da Jengre, ya iso Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa mil 143. Jirgi ne mai nawa ƙwarai, yini guda cur ya ke yi a hanya, in ya zo hawa sai ka ce tsohon jaki. Duk da haka ya sauke kaya daga kan dubban mutane. A 1927 babban reluwe ya hau daga Kafancan ta Kagoro da Manchok da Kuru, ya haɗa Jos da Fatakwal, kuza tana sauka, gawayin Inugu yana hawa. Daga nan ƙaramin jirgin ya fara rasa ciniki, har aka rufe shi a 1957.

Jos kuwa, wadda aka ce sunanta ya fito daga wani ƙauye da a ke kira Gwosh, an tsara ta gari a 1915. Hausawa da Barebari da Nufawa da Yarbawa da Ibo suka cika ta, wasu lebura, wasu 'yan tireda, wasu akawu. Fulani ma suka hauro da shanunsu da suka ga babu tsando. Da fari duk ƙasar a ƙarƙashin Lardin Bauci ta ke, aka yi ta ɗora wa mutanen dutse hakimai baƙi waɗanda ba su jin harshensu, abin bai yi kyau ba. A 1926 aka yanke Lardin Filato daban. A zamanin Gwamna Cameron aka koma neman sarakunan gargajiya na kowace kabila, aka kafa musu majalisu da baitulmali, har a 1947 aka naɗa Rwang Pam Sarkin Birom. Harajin kuɗi da aka aza tun farko shi ne ya tura samarin dutse ramin kuza, gama ba su da wata hanyar samun sule in ba ita ba.

Turawa ba su daɗe ba suka gane sun sami abin da ba su da shi a Lakwaja ko Zungeru, watau wurin da mutum zai kwana ba gumi. Ma'aikatan kuza suka share filin ƙwallon golf a Rayfield tun 1913. Mishan na SIM suka gina gidan hutu a Miango, cikin ƙasar Irigwe, inda ma'aikatansu daga Kano da Sakkwato da ƙasar Faransi su kan zo su yi wata guda su murmure. Gwamnati ta gina masauki a Jos wanda aka sa wa suna Hill Station, bisa koyi da garuruwan hutun Turawa na ƙasar Hindu, da wani gida a Tudun Wada inda Gwamna ke sauka, Pankshin ma ta zama wurin shan iska. A 1924 aka ƙaurar da ma'aikatar likitan dabbobi daga Zariya zuwa Vom, domin a can a ke iya kiwon shanun gwaji su rayu. Daga nan allurar bushiya ta riƙa fita zuwa En'e-En'e na Arewa, kuma duk malamin dabbobi na zamanin ya san sunan garin. Wutar lantarki ma tudun ya riga manyan biranen Arewa samu, gama kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya tare ruwan magangarar Kurra yana juya injuna domin ramukan kuza. Sai ga dankalin Turawa da kabeji da karas da man shanu na Vom a kan tebur. Lokacin Yaƙin Duniya na biyu, da jiragen ruwa suka yi wuya, Turawan da ba su iya zuwa gida hutu sai su hau Jos. A 1942 aka buɗe makarantar Hillcrest domin 'ya'yan mishan. A 1956 Sarauniya Elizabeth kanta ta huta ƙarshen mako a Tudun Wada, ta je sujada cocin St Piran, wanda aka sa wa sunan waliyyin masu haƙar kuza na Cornwall a Ingila.

To, a cikin shekarun nan na yaƙi, sa'ad da masaukai ke cike da masu hutu, aka yi abin da ya fi shafar ma'aikatan En'e a duk labarin tudun nan. A farkon 1942 Jafan ta ci Malaya, ta kama Singafo, Ingila ta rasa babbar ma'adinarta ta kuza a tsakiyar yaƙi. Sai aka juyo ga Filato. Kamfanoni suka ce ba su da isassun lebura, Gwamnati kuwa maimakon ta sa a ƙara lada har mutane su zo don kansu, sai ta yi doka a ɗebo su tilas. Talakawa suka sa wa abin suna ɗiban Gwamna. Aka yanka wa larduna adadi, su Zariya da Bauci da Binuwai da Sakkwato da Katsina da Barno. Razdan ya gaya wa Sarki, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya kira masu unguwa. Malamin hakimi shi ya rubuta sunaye, dogari ko ɗan doka shi ya raka su tasha. Kowane rukuni wata huɗu ya ke yi, sa'an nan a kawo wani. Kafin a soke dokar a 1944 an ɗebi mutum wajen 100,000.

Wanda ya san yadda a ke raba irin wannan kaya a ƙauye ba ya bukatar a gaya masa a kan wa ya faɗa. Mai abin hannu ya kan fanshi ɗansa, mai uwa a gindin murhu ba ya rasa tuwo. Wanda ya tafi shi ne talaka, da baƙo, da wanda ba ya shiri da mai gari. Waɗansu an ɗauke su da damina, gonarsu ta zama ta ciyawa. Suka iso tudu da 'yar taguwa ɗaya, mutanen da ba su taɓa sanin irin wannan sanyi ba, aka zuba su a bukkokin ciyawa waɗanda aka kafa da gaggawa, bargo bai isa ba, abinci bai isa ba. Aikin kuwa a cikin ruwa da taɓo a ke yinsa, da diga da shebur da kwanon sarki, tun safe har la'asar. Ciwon haƙarƙari da atuni suka shiga cikinsu. Inda abin ya fi muni shi ne wajen ginin madatsar ruwa ta Tenti, wadda aka yi domin ƙara wa injunan Kurra ruwa, wuri ne mai tsawo, iska ba ta da abin da zai tare ta. Mutanen Binuwai, musamman Tibi, sun mutu a can da yawa. Dubbai suka gudu, suka bi mashigan nan da dare suna neman hanyar gida, En'e kuma aka ce ta kamo su ko ta kawo madadinsu. Ban da mutane, har hatsi aka yanka wa En'e ta tara ta aika domin ciyad da ramukan, a shekarun da damina ba ta yi kyau ba, tsada ta tashi a kasuwanni.

A 1943 an fitar da kuza fiye da tan 17,000, ba a taɓa kai haka ba, ba a kuma sake kaiwa ba. Amma in aka auna ƙarin da yawan mutanen da aka tara, ribar kaɗan ce, gama wanda aka kawo tilas, ga yunwa ga ciwo, ba ya aikin wanda ya zo da ƙafarsa. Maganar ta kai har Majalisar Ingila, aka yi ta tambayar Gwamnati a kanta. Doka dai ta Gwamna ce, riba ta kamfani, amma talaka bai ga Gwamna ba, bai ga manajan kamfani ba. Fuskar da ya gani ita ce ta dagacinsa da malamin da ya riƙe alƙalami. Cikin ƙorafin da 'yan siyasa suka riƙa yi wa En'e bayan yaƙi, aikin tilas yana kan gaba, ba kuwa ƙage suka yi ba.

Masu ƙasar su ma sun biya nasu. Haƙar kuza a fili a ke yinta, a kware ƙasar noma a tara ta tsibi-tsibi, a bar rami. Diyyar da a ke ba manomi ba ta kai amfanin gonar ba, itatuwa kuma sun ƙare wajen girki da gini. Bayan yaƙi manoman Gyel, kusa da Bukuru, suka tsaya suka hana a shiga gonakinsu, Gwamnati ta gwada ƙaurar da waɗansu Birom zuwa Sabon Zawan a gindin tudu, yawancinsu suka komo. Tambayar nan ta wane ne mai ƙasa, wane ne baƙo, wadda kuza ta haifa, ba ta mutu da kuza ba. Ita ce ta tashi a Jos a 1994, ta sake tashi da zub da jini mai yawa a 2001 da 2008 da 2010, har garin da a ke zuwa hutu ya rabu unguwa-unguwa, masu zuwa shan iska suka ja baya shekaru.

Wani abin mamaki ya fito daga ramukan nan wanda ba a nema ba. A 1928 masu wankin kuza a ƙauyen Nok, ƙasar Jaba, yamma da gindin tudun, suka tono wani ɗan kai na yumɓu gasasshe. Wajen 1943 aka sami wani a ƙasar Jama'a, wani ma'aikaci ya kafa shi a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye, har labari ya kai ga Bernard Fagg, wani jami'in mulki a Jos wanda ya yi karatun kayan tarihi. Shi ya gane hannu ɗaya ne ya yi su, ya roƙi ma'aikatan kuza su daina fasa abin da suka tono. Bincike ya nuna mutanen da suka yi su sun rayu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, suna kuma narkar da ƙarfe. Domin ajiye su aka buɗe gidan kayan tarihi na Jos a 1952. Daga baya aka gina a gefensa kwatancin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa, aka kuma ajiye kan ƙaramin jirgin nan na Zariya, yara suna hawa suna wasa.

Kuza ta yi ta raguwa bayan mulkin kai. An kafa ma'aikatar narka ta a Makeri a farkon shekarun 1960, amma ta saman ƙasa ta ƙare, kamfanonin Turawa suka tattara, a 1985 kuma farashinta ya faɗi warwas a kasuwar London. Abin da ya rage shi ne tafkuna ɗaruruwa tsakanin Jos da Bukuru da Barikin Ladi, ruwansu kore shar, zurfinsu ba a gane shi daga baki, sun ci yara da shanu ba kaɗan ba. Masu lambu suna jan ruwansu da rani suna noman tumatir da kabeji, na Rayfield kuwa an mai da shi wurin shaƙatawa da kwalekwale. Samari har yanzu suna sauka tsofaffin ramuka da igiya suna kalen abin da injuna suka bari, rami kuma ya kan rufta da su.

Tun da aka mai da babban birni Abuja, harkar reluwe kuma ta lalace, Hawan Kibo ya zama babbar ƙofar tudun, ta gefen da 'yan alaro suka bi zuwa Loko. Mai hawa ya kan bar zafin Akwanga da Gwantu, ya wuce magangarar ruwa ta Assob inda ruwa ke zubowa tsakanin itatuwa, ya yi ta kwana-kwana har kunnensa ya toshe, sa'an nan ya fito fili ya ga duwatsun Riyom an ɗora su kan juna sai ka ce da hannu aka jera. Manyan motoci kuwa suna gangarowa da lodin dankalin Bokkos da Mangu, a giya ta ɗaya, yaran mota suna riƙe da weji, gama birki ya sha tsinkewa a wurin, kuma gawawwakin motocin da suka faɗa kwazazzabo suna nan a gefen hanya.